Idon Koma

Tunau ya shigo da ƙarnin kifi a hannun riga,
ya zauna kan bencin nan mai gurguwar ƙafa.
Kwana tara ke nan, in ji shi, masassara,
maƙogwaro kamar an zuba yashi,
kaluluwa a wuya, ƙananan ƙuraje a ƙirji.
Ya sha maganin zazzaɓin sauro har kati biyu,
ya sha saiwar da kawunsa ya jiƙa.

Na soki yatsarsa, muka jira.
Layi ɗaya ya fito a tsinken gwaji.
Ya yi hamdala, ya miƙe.
Na ce, zauna tukuna.

Yaya zan gaya wa masunci
cewa komata ta fito wayam
amma ban yarda ba kifi a ruwan ba?

Na ce, in ka jefa koma mai faɗin ido
lokacin da kifi ya gama ƙyanƙyasa,
me za ka jawo?
Ya yi dariya. Ruwa, ya ce.
'Ya'yan kifin fa, babu su ke nan?
Dariyar ta tsaya.

Wannan tsinken ba ya ganin ɓarawo,
kururuwar masu gida yake saurare,
jiki kuwa kan yi makonni kafin ya farka ya yi ihu.
Akwai injin da ke ƙirga ɓarayin da kansu,
amma ba a Yawuri yake ba.

Na karanta masa takardar bincike, shafi uku,
ban tsallake layin da ya ce yana iya ƙi ba.
Wa zai ga sunana?
Babu. Kai ne arba'in da bakwai.
Ya daɗe yana duban tawada kafin ya dangwala.

Ba wuta tun jiya.
Na sayi ƙanƙara wajen mai sayar da zoɓo,
na jera kwalbar jininsa a kula,
na danƙa wa Arzika direba a tasha.
Koko, Jega, Birnin Kebbi,
jinin Tunau ya je inda Tunau bai taɓa zuwa ba.

Ranar Alhamis takarda ta dawo.
Na ƙirga sifirin da ke bayan lambar, na sake ƙirgawa.

Bai yi kuka ba. Ya tambayi Hurera kawai.
Washegari ta zo da goyo, ta miƙa hannu ba ta dube ni ba.
Nata bai nuna komai ba, a koma mai faɗi da mai ƙanƙanta.
Na rubuta mata ranar dawowa duk da haka.

Ƙwaya ɗaya kowane dare, daga yau, ba gobe ba.
Ya ce, in na riga ta, za ta mutu?
Ban yi masa ƙarya ba.
Ka san gaiwa, na ce,
yadda take shiga laka in tafki ya ƙafe,
ta yi barci, ta jira damina.
Haka wannan take laɓewa a jiki.
Abin da muke nema mu sani:
in an tare ta da wuri,
gaiwa nawa ke samun sukunin nutsewa?
Ba mu sani ba tukuna.
Shi ya sa nake damun jijiyarka duk wata.

Wata na shida, injin ya lalube bai samu ba.
Na gaya masa, na ƙara da cewa ba warkewa ba ce.
Ya ce, na sani, tana cikin laka.
Ya ciro kwalbar magani daga aljihu,
naɗe cikin leda biyu saboda ruwa,
ya girgiza ta kusa da kunnena.

Da yamma na hango jirginsa daga bakin gulbi,
ɗigo ɗaya a tsakiyar Neja.
Na koma na wanke hannu,
na buɗe littafi a shafin arba'in da takwas.